Hajiya na da suga, ga kuma sankarar mama: kada a ajiye ɗaya don a kama ɗaya

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 61, ta shekara 12 tana fama da ciwon suga. Da ƙwaya kawai take sha, metformin da Daonil, sai shekara biyu da suka wuce aka ƙara mata allurar insulin. Bayan Babbar Sallah ta ji ƙululu a mamanta na hagu, ta ɓoye mana har sai da kaluluwa ta fito mata a hammata. An ɗebi tsoka an gwada, an ce sankara ce, za a fara da kemo, wato maganin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya, kafin a yi aiki. An yi na farko, washegari da yamma suga ya haura 400, abin da ba mu taɓa gani ba. Yanzu gida ya rabu. Kawunmu ya ce allurar insulin ce ta jawo mata ciwon, kuma taura biyu ba ta taunuwa, a ajiye maganin suga a fuskanci babban ciwo. Yayata ta ce suga shi ne abincin sankara, ta hana Hajiya tuwo da shinkafa, sai zogale da zuma da habbatussauda. Hajiya ta rame, ta ce ba za ta koma kemo ba tunda shi ke tayar mata da suga. Ni kuma ina da ƙiba, kuma suga ya taɓa hau mini lokacin cikin ɗana na biyu. Don Allah, sugan ne ya jawo mata wannan ciwo? Ni ma hanyar da zan bi ke nan?

Wata baiwar Allah daga Funtuwa

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Akwai abin da ba ya jiran gobe. Kada a tsayar da allurar insulin ko da ta kwana ɗaya, a mayar wa Hajiya da abincinta, kuma a koma wurin likitan da ke duba sugan nata a cikin wannan makon, kafin ranar kemo na biyu ta zo. Sauran tambayoyinki za mu bi su a hankali, amma waɗannan ukun yau ake yin su.

Wancan 400 da ya firgita ku yana da dalili sananne, kuma kusan ko da yaushe ba ruwan kemon kansa ba ne. A ranar kemo akan ba mara lafiya wani magani mai suna dexamethasone, ta jijiya ko a ƙwaya, wani lokaci a ce ya ci gaba da sha kwana biyu ko uku a gida. Aikinsa hana amai da hana jiki yi wa kemon bore. Magani ne mai amfani ƙwarai, sai dai yana sa hanta ta riƙa zuba suga cikin jini, yana kuma sa jiki ya ƙi jin insulin. Ko wanda bai taɓa ciwon suga ba, idan ya sha shi sugansa kan motsa, balle Hajiya da ta shekara 12 a ciki. (Shi ne fa maganin da 'yan mata ke saya a kemis don su yi ƙiba, wanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wadda ke sha ta ji abin da yake yi wa jini.)

Yaudarar wannan magani tana cikin lokacin da yake tayar da sugan. Gwajin safe kafin a karya yakan nuna abu dama-dama, mutanen gida su saki jiki, alhali tashin na gaske daga bayan azahar ne zuwa dare. Saboda haka ranar kemo da kwana uku zuwa huɗu bayanta, a gwada sau huɗu a rana: da asuba kafin ta ci komai, kafin abincin rana, kafin na dare, da kafin ta kwanta. A samu littafin makaranta mai layi, a ja masa gida-gida, a rubuta rana, lokaci, lambar da na'ura ta nuna, abin da ta ci, da adadin allurar da aka yi. Da wannan littafin likita zai tsara mata ƙarin insulin na ranakun kemo kaɗai. Ki lura da kalmar kaɗai ɗin nan, domin da zarar ƙarfin dexamethasone ya fita daga jiki, sugan zai sauko, kuma idan aka ci gaba da ƙarin allurar zai faɗi warwas. Ki roƙi likitan ya rubuta miki a takarda: ranar kaza adadi kaza, daga ranar kaza a koma adadi na da. Ban yarda ku ƙara ko ku rage da ka ba.

Idan gwaji biyu a jere suka wuce 300, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ko amai, ko ta fara gyangyaɗi da magana ba kan gado, asibiti za a nufa a daren, ba a bari gari ya waye ba. Wasu na'urorin da wasu ɗakunan gwaji da ƙananan lambobi suke ƙirge, idan kin ga haka ki raba lambobin da na ba ki da 18: 300 shi ne wajen 17, 70 kuma wajen 4.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ba 400 ɗin ba ne. Tsohuwa ce tana shan Daonil, ana yi mata insulin, an hana ta tuwo, ga tashin zuciyar kemo. Daonil ba ya tambayar ko an ci abinci, zai tilasta wa jiki ya fitar da insulin ko ciki na wofi ne, kuma yana daɗewa a jikin tsofaffi. Suga mai hawa yakan ba da sa'o'i kafin ya yi ɓarna, mai faɗuwa kuwa cikin mintuna yake kayar da mutum. Idan kun ga gumi mai sanyi, rawar hannu, faɗuwar gaba, ko ta rikice tana kallon ku kamar ba ta san ku ba, a gwada. Ƙasa da 70, a ba ta rabin kofin lemon kwalba ko cokali ɗaya babba na suga a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. Idan ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a ɗauke ta. Ki tambayi likita ƙarara ko Daonil ya dace da ita a watannin kemo, da yawansu sukan cire shi. Metformin ma akwai ranakun da ake ɗaga masa ƙafa: ranar da amai ko gudawa suka ƙarar mata da ruwan jiki, da kuma wani lokaci idan za a yi hoton da ake zuba ruwa ta jijiya, musamman in ƙoda ta yi rauni.

Yanzu maganar Kawu. Ba shi ya fara wannan zargi ba, likitoci ma sun taɓa shiga ɗimuwa a kansa. A 2009 aka wallafa wasu nazarce-nazarce huɗu daga Turai, wasu daga cikinsu suka nuna kamar masu amfani da wata insulin mai dogon zango, glargine, sun fi kamuwa da sankara. Hankali ya tashi a duniya. Amma a lokacin akwai wani babban gwaji da ke gudana, mai suna ORIGIN, wanda aka raba mutum 12,537 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi ana yi musu allurar, rabi ba a yi, aka bi su sama da shekara shida. Sakamakon ya fito a 2012: yawan sankara ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Abin da ya rikita lissafin farko shi ne, waɗanda ake kaiwa ga yi wa insulin galibi su ne waɗanda suka fi daɗewa da ciwon, suka fi tsufa, suka fi ƙiba, wato mutanen da dama can haɗarinsu ya fi. Ƙululun da har hannu ya ji shi kuwa, yawanci ya shekara da shekaru yana girma a ɓoye, mai yiwuwa tun kafin a soka wa Hajiya allurar farko. Don adalci, akwai maganin suga ɗaya da aka yi wa zargi mai ɗan tushe, pioglitazone, game da sankarar mafitsara, har Faransa ta dakatar da shi a 2011. Ba ya cikin abin da kika lissafa.

Kada ki tsaya gardama da Kawu a tsakar gida, ba za ki ci riba ba, kuma shi ma tsoron rasa 'yar uwarsa ne ke magana. Ki ce masa, "Kawu, likita ya ce yana son ganin babba a gidan," ki tafi da shi ranar asibiti, ya yi tambayarsa da bakinsa. Dattijo ya fi karɓar magana daga mai farar riga a kan daga 'yar da ya goya.

To shin akwai alaƙa tsakanin ciwon suga da sankara? Akwai, ba zan ɓoye miki ba. A 2010 ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka da takwararta ta sankara suka zauna suka fitar da matsaya guda. Masu ciwon suga irin na manya, nau'i na biyu, haɗarinsu na sankarar hanta, da ta cikin mahaifa, da ta fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, ya kai ninki biyu na sauran mutane. Na sankarar babban hanji, mafitsara da mama ya ƙaru amma kaɗan, tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Abin mamaki, maza masu suga sun fi ƙarancin kamuwa da sankarar furostet, gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara. Ta mama tana can ƙasa-ƙasa a jerin, wajen kashi 20. Ga yadda za ki fahimci wannan lamba, a matsayin misalin lissafi kawai: in a cikin mata ɗari marasa suga biyar ne za su kamu, a cikin ɗari masu suga shida ne. Wato ko a cikin shidan nan, biyar da ma za su kamu ko babu suga. Babu likitan da zai iya nuna Hajiya ya ce ita ce ta shidan. Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, ita ce kan gaba a duk sankarorin ƙasar, kuma mafi yawansu ba su da suga.

Yadda alaƙar take shi ne, shekaru kafin a ce wa mutum yana da suga, jikinsa ya daina jin insulin yadda ya kamata, sai fankiriyas ta riƙa zubo shi da yawa don ta cike giɓi. Insulin kuwa ban da shigar da suga cikin tsoka, yana kuma zuga ƙwayoyin halitta su girma su hayayyafa. Kamar taki ne a gona: ba shi ke shuka ciyawa ba, amma wadda ta riga ta tsiro zai ƙara mata ƙarfi. Sannan kitsen jiki, musamman na tumbi, bayan ɗaukewar al'ada shi ne ke samar wa mace yawancin sinadarin mata, istirojin, wanda sankarar mama da ta mahaifa da dama ke rayuwa a kansa. Ƙara da tsufa da rashin motsa jiki, za ki ga cututtukan biyu sau da yawa daga tushe ɗaya suke tsirowa, ba lallai ɗaya ce ta haifi ɗaya ba. Za ki ce to ai allurar ma insulin ce. Haka ne, kuma wannan tunanin ne ya sa aka yi wancan dogon gwaji, aka ga bai tabbata ba.

Maganar Yaya ita ma tana da ƙwayar gaskiya a ciki, shi ya sa take da wuyar tumɓukewa. Tun wajen shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya gano cewa ƙwayoyin sankara na zuƙar suga fiye da lafiyayyu. Amma daga nan zuwa cewa a hana mara lafiya tuwo sankara ta mutu da yunwa, tafiya ce mai nisa wadda ba ta isa. Jiki ba ya yarda sugan jini ya ƙare, domin ƙwaƙwalwa da shi take aiki. In an hana shi ta baki, hanta za ta narka tsokar Hajiya ta ƙera shi. Sankarar za ta samu rabonta, Hajiya ce za ta ƙare. Kuma kemo da nauyin jiki da tsayi ake auna shi, wadda ta rame ta yi laushi ita ake rage wa magani ko a ɗage mata rana. Zuma kuwa, duk da albarkar da ke cikinta, kusan kashi 80 cikin ɗari nata suga ne, na'urarku za ta shaida miki. An hana tuwon dawa an ba da zuma cokali-cokali, an gudu daga gara an faɗa zago ke nan. Zogale a miya ko kwaɗo abinci ne mai kyau, ta ci. Amma jiƙe-jiƙe da saƙe-saƙi da garin da ba a san abin da ke ciki ba, a jingine su har a gama kemo, saboda hanta da ƙodar da za su tace su, su ne dai ke tace kemon. Duk abin da take sha, har habbatussaudar, a faɗa wa likita.

Abin da za ta ci ba baƙo ba ne. Tuwon dawa, ko na acca, ko na alkama, malmala ɗaya madaidaiciya kamar dunƙulen hannunta, da miyar ganye mai yawa. Wake, alale, ƙwai, kifi, kaza, nono mai tsabta wanda aka dafa madararsa kuma ba a zuba suga ba. A ranakun tashin zuciya kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi kwano guda sau biyu. Koko da kunu suna saurin tayar da suga, in za ta sha ya zama rabin kofi tare da ƙosai ko ƙwai. Sai kuma masu dubiya, Allah Ya saka musu, kowa da katan ɗin lemo ko na malta a hannu, a jera su a gindin gado, a buɗe ɗaya a ce "daure ki sha ki ji ƙarfi". Ki ajiye kwalba biyu saboda ranar da suga zai faɗi, sauran a kai wa yara. Wanda ya tambaye ku abin da zai kawo, ku ce ƙwai, ko kifi, ko tsinken gwajin suga, don shi ne zai ci muku kuɗi a watannin nan.

Dalilin da ya sa nake ta nanata sugan nan shi ne abin da aka gani game da sakamakon magani. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa masu sankarar da suke da ciwon suga tun kafin a gano ta, haɗarin mutuwarsu ya ɗara na marasa suga da kimanin kashi 41 cikin ɗari. Lamba ce mai nauyi, na faɗa miki ne don na san za ki ci karo da irinta a waya. Amma ki dubi abin da ke cikinta. Mutuwa ce ta kowane dalili aka ƙirga, har da bugun zuciya da ciwon ƙoda, waɗanda sugan ne ke kawo su ba sankarar ba. Wani kaso kuma daga jinkirin gano ciwon ne, wani daga rage ƙarfin magani saboda jiki ba zai ɗauka ba, wani daga cututtukan da ke shiga lokacin da garkuwar jiki ta faɗi. Girman ƙululun da irin sankarar ba a hannunku suke ba. Amma ko za a yi kemo na biyu a ranarsa da cikakken awonsa, ko za a yi aiki ɗinki ya kame ba tare da ya yi ruwa ba, wannan sugan na da babban hannu a ciki, sugan kuma a ɗakinku ake gwada shi. Amsar Kawu ke nan: wanda ya ajiye maganin suga don ya fuskanci sankara, maganin sankarar ya gurgunta.

Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane kemo, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan yi ƙasa sosai, suga mai yawa kuma yana ƙara kashe wa ragowar kuzari. Ku sayi ma'aunin zafin jiki. Ya kai 38, asibiti, ko ƙarfe biyun dare ne. Na san al'adarmu: jiki ya yi zafi, a ce maleriya ce, a aika yaro kemis, a sha farasitamol a lulluɓa. Ga mai kemo wannan jinkirin na kwana ɗaya yana iya zama ajali. A je a faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa tana kan kemo kuma tana da suga.

Ki kuma riƙa duba ƙafafunta da idonki kullum, har tsakanin yatsu. Shekara 12 na suga yakan riga ya taɓa jijiyoyin ƙafa, kuma wasu magungunan sankarar mama, irin su paclitaxel da docetaxel, su ma can suke bugu. Idan ta ce tafin ƙafa na yi mata zugi, ko kamar tana taka auduga, ko maɓallin riga na gagarar yatsunta, a faɗa kafin kemo na gaba, don akan sauya awo tun abin bai zauna ba. Ƙafar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba. Ruwan alwala mai ɗumi ke za ki fara tsoma hannu, kaskon wuta lokacin sanyi a nesanta shi, kada ta taka tsakar gida ba takalmi, faso a shafa masa mai, mai yankan farce na yawo kuma a ba shi haƙuri. In jan maganin nan ne ake ɗaura mata, doxorubicin, fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Shi zuciya yake taɓawa, don haka ake hoton zuciya kafin a fara, kuma maganin hawan jini in tana sha kada ya yanke.

Kafin aiki za su nemi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wajen wata uku. Likitocin tiyata da yawa suna son ganinsa ƙasa da 8.5. Sai dai ƙarancin jini da ƙarin jini suna karkatar da wannan gwaji, kuma duka biyun ruwan dare ne ga mai kemo, nan ma littafinku ne zai raba gardama.

Wata matsala da ba a faɗa wa masu jinya ita ce, a manyan asibitoci ɓangaren sankara daban, na suga daban, ranakunsu daban, layinsu daban. Kowane yakan ɗauka ɗayan na kula da abin da ba nasa ba. Mutum ɗaya a gidanku, kuma ina ganin ke ce, ya zama shi ke riƙe da jaka ɗaya mai ɗauke da duk kwalayen magani, duk takardun gwaji, da littafin. A nuna wa likitan suga takardar kemo, a nuna wa likitan sankara lambobin suga. Ki tambayi iyakar da suke so sugan ya tsaya a ciki. A irin wannan lokaci ba a matsa wa tsoho sai ya dawo kamar na mai lafiya, galibi in yana yawo tsakanin 110 da 180 an gamsu. Insulin in babu wuta, a sa kwalbar cikin leda a ajiye a gindin randa inda ke da sanyi, ban da rana, ban da ƙanƙara. Batun kuɗi kuma, tun 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu sankara marasa ƙarfi, ya haɗa da ta mama, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na cikin waɗanda aka fara da su. Ki tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya. In azumi ya riske ta cikin kemo, tana cikin waɗanda Allah Ya yi wa rangwame a Suratul Baƙara, kada kunyar jikoki ta sa ta ɗauka.

Za ki kuma ji ana cewa metformin na maganin sankara. An yi wannan fata tun 2005, da wani nazari daga Dandi ta Sikotilan ya ga masu shan sa sun fi ƙarancin kamuwa. Aka gwada shi a kan mata 3,649 masu sankarar mama marasa suga, sakamako ya fito a 2022, bai hana ciwon dawowa ba. Ta ci gaba da shan sa don suga, ba madadin kemo ba.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in Hajiya ba ta yarda ba, kuma a wasiƙarki kowa ya yi magana a kanta, ban ga inda aka zauna da ita ba. Macen da ta ɓoye ƙululu har kaluluwa ta fito, tsoro ne ke cin ta, ko na yanke mama, ko na zama nauyi a kanku. Ki same ta ku biyu, bayan isha'i, ki ce mata sugan da ya tashi an san abin da ya tayar da shi, kwanaki kaɗan yake yi, kuma karo na biyu za a tare shi tun kafin ya taso. Sannan ki yi shiru ki ji abin da za ta ce. Mai yiwuwa ba sugan ne ainihin abin da ya sa ta ce ba za ta koma ba.

Ke kuma. Sugan da ya hau lokacin ciki gargaɗi ne na gaske, mata da yawa da suka yi shi sukan kamu da ciwon daga baya, ga kuma gado. Amma a nan ne aka fi samun nasara. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa da suka rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, suka yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako, sun rage haɗarin da kashi 58 cikin ɗari. In nauyinki kilo 90 ne, kilo shida da ɗoriya ake magana, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako, ko da zagayen tsakar gida ne. Rage ƙibar kuma ita ce dai ke rage haɗarin sankarar mahaifa da ta mama bayan girma. Ki gwada suga yanzu, sannan duk shekara, da kuma kafin ki sake ɗaukar ciki.

Kasancewar mahaifiyarki ta yi sankarar mama ya ɗaga naki haɗarin, wajen ninki biyu, ko da yake wadda ta kamu tana da shekara 61 ba ta kai wadda ta kamu da ƙuruciya nuna gado ba. Ke da Yaya ku san yadda mamanku yake, ku riƙa dubawa bayan kowace al'ada, ma'aikaciyar lafiya ta duba ku sau ɗaya a shekara, daga shekara 40 kuma ku nemi hoton mama. Rashin zafi ba ya nufin ƙululu ba shi da haɗari, mai zafi da marar zafi duk a kai a duba. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, ga Hajiya ko ga kowace mai suga a danginku, ba a jira a ga ko zai tsaya. Tunda hanta ce kan gaba a jerin sankarorin da na lissafa wa masu suga, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, duk gidan ku je a gwada, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi. Ita Hajiya ki tabbatar an yi mata wannan gwajin kafin kemo na biyu in ba a riga an yi ba, domin kemo na iya tayar da ciwon hantar da ke kwance, kuma akwai ƙwayar da ake bayarwa ta hana hakan.